Sauyin Yanayi: Ina Kujerar Mata A Wurin Shawara?

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a duniya a wannan yanki namu na Arewa ba ya bukatar wani masani ya gaya masa cewa yanayi ya sauya. Damina takan makara, in ta zo kuma sai ta zo da fushi, ruwan da ya kamata a yi cikin wata guda ya zuba cikin kwana biyu, sa'an nan ya ɗauke daidai lokacin da dawa ke shirin fid da kai. Rafukan da dattawanmu suka yi wanka a cikinsu da rani, yau sai rairayi. Dajin da a dā ba a shigarsa sai da rakiya, yanzu mutum yana tsaye a wannan gefe yana hango wancan.

Masana sun riga sun bayyana dalili. Hayaƙin man fetur da kwal da gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki, haɗe da sare dazuzzuka, shi ke tara wata iska a sararin sama wadda ke riƙe zafin rana kamar bargo. Ta haka duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 bisa yadda take kafin zamanin masana'antu, har shekarar 2024 ta zarce dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka soma ajiye lissafi.

Wannan duka an sha faɗa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, su wa ke zama su yanke shawarar abin da za a yi? Wa ke cewa a haƙa rijiya a nan, a dasa itace iri kaza a can, a kashe kuɗi kaza a kan madatsar ruwa? In aka leƙa ɗakunan da ake wannan shawara, tun daga zauren mai unguwa har zuwa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a tarar yawancin kujerun maza ne a kansu. Alhali kuwa Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa ke fara jin jiki?

Sauyin yanayi ba ya tambayar mutum ko namiji ne ko mace, to amma yakan same mu ne a inda muke, kuma ba wuri ɗaya muke ba. A yawancin ƙauyukanmu, ɗebo ruwa da neman itacen girki da dafa abinci da kula da yara da marasa lafiya aikin mata ne da 'yan mata. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2023 ya nuna cewa a cikin kowane gida 10 da ba su da ruwa a cikin gida, 7 mata da 'yan mata ne ke ɗauko musu shi. Ke nan in rijiyar unguwa ta ƙafe, tafiyar da ta ƙaru a ƙafar mace ta ƙaru, kuma sau da yawa yarinyar da ya kamata tana aji ita ce ke kan hanya da jarka a ka.

Haka batun itace yake. In daji ya yi nisa, mace ce ke bin sa, wani lokaci har zuwa wuraren da babu tsaro. In ta dawo ta hura murhu, ita da goyonta ne ke shan hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi daɗewa a kusa da wutar.

A gona ma haka ne. Gayaunar da mace ke nomawa yawanci ƙarama ce, sau da yawa kuma a gefen da ƙasa ta riga ta gaji. Takin zamani da ingantaccen iri da rancen banki sukan bi ta hannun mai gandu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bincika gidajen karkara a ƙasashe 24, ta ba da rahoto a 2024 cewa in tsananin zafi ya auku, asarar kuɗin shigar da gidajen da mata ke riƙe da su ke yi takan ɗara ta gidajen da maza ke riƙe da su da kashi 8 cikin ɗari. Duk wanda ya san halin da gwauruwa mai 'ya'ya ke ciki a ƙauye ba zai yi mamakin wannan lissafi ba.

Sai kuma ranar masifa. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba wajen miliyan 1.4 da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar muhallinsu. A irin wannan rana, wanda ya iya iyo, yake da babur ko waya a hannu, ya fi wadda ke ɗauke da ciki, ga goyo, ga tsohuwa a ɗaki, damar tsira. Wasu masana biyu, Eric Neumayer da Thomas Plümper, sun duba bala'o'in da suka auku a ƙasashe 141 tsakanin 1981 da 2002, suka gano cewa irin waɗannan masifu sun fi cin ran mata, kuma tazarar takan ragu a ƙasashen da matsayin mata ya kusanci na maza ta fuskar ilimi da tattalin arziki. Watau dai matsayin da al'umma ta ajiye mace kafin ruwa ya zo, shi ke nuna yadda za ta ƙare in ya zo.

Alkawura a kan takarda

Ba yau aka soma maganar ba. A babban taron muhalli da aka yi a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil a 1992, ƙa'ida ta 20 cikin sanarwar da ƙasashe suka amince da ita ta nuna cewa ba za a sami ci gaba mai ɗorewa ba sai mata sun shiga aikin kula da muhalli sosai. To amma abin mamaki, yarjejeniyar sauyin yanayi da aka buɗe don sa hannu a wannan taro ba ta ambaci mata ba ko sau ɗaya. Yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ta 1994 ce ta fito fili ta bukaci a sa maza da mata a kowane mataki na aikin, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kuwa ƙasashen Afirka da suka ɗanɗana farin 1973 da na 1984 su ne suka matsa a yi ta. A shekarar da ta biyo, watau 1995, taron mata na duniya a birnin Bejin ya sa batun mata da muhalli cikin manyan al'amura 12 da ya ce a mai da hankali a kansu.

Daga nan aka shiga tafiyar hawainiya. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar sauyin yanayi suna yin babban taro shekara-shekara, wanda ake kira COP. Sai a 2001, a birnin Marrakesh na Maroko, suka fara yanke shawarar a ƙara yawan mata a kwamitocinsu. A 2012, a Doha, suka sa wa kansu burin daidaita yawan maza da mata, suka kuma ce a riƙa ƙidaya ana ba da rahoto kowace shekara. A 2014 aka kafa shirin aiki na musamman a birnin Lima. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ambaci daidaito tsakanin maza da mata a gabatarwarta. A 2017, a birnin Bonn na Jamus, aka amince da tsarin aiki na farko, aka sabunta shi a Madrid a 2019, aka ƙara wa shirin Lima shekara 10 a Baku a 2024, sa'an nan a 2025, a birnin Belem na Barazil, aka amince da sabon tsarin aiki.

Takardu kam sun taru. To, kujerun fa? Shekara da shekaru ana ƙidaya, yawan mata a tawagogin da ƙasashe ke aikawa yana nan wajen kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka kaɗan, in ya ɗan hau bana, baɗi ya ɗan sauka. A cikin shugabannin tawagogi kuwa abin ya fi haka ƙaranci. A watan Janairu na 2024, sa'ad da ƙasar Azarbaijan ta sanar da kwamitin da zai shirya taron Baku, mutum 28 aka lissafa, babu mace ko ɗaya. Sai da duniya ta yi ca, sa'an nan aka ƙara mata 12.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka rashin gwanaye ne. Angela Merkel ce ta shugabanci taron COP na farko a Berlin a 1995, tana ministar muhalli ta Jamus. Maite Nkoana-Mashabane ta Afirka ta Kudu ta shugabanci na Durban a 2011. Christiana Figueres, 'yar ƙasar Kosta Rika, ta karɓi ragamar sakatariyar yarjejeniyar a 2010, lokacin da gwiwar kowa ta yi sanyi bayan taron Kopenhagen ya watse ba tare da abin kirki ba, ta kuma riƙe aikin har aka kai ga yarjejeniyar Paris. Waɗanda aka ba dama sun nuna za su iya.

Abin da kan faru in mata sun zauna

Wani zai ce, to mene ne bambancin? Ai shawara mai kyau shawara ce mai kyau, ko wa ya kawo ta. Amsar ita ce, mutum yakan kawo wurin shawara abin da ya sani ne da abin da ke damunsa. Akwai kuma inda aka gwada aka gani.

A ƙasar Indiya an gyara tsarin mulki, gyaran da ya fara aiki a 1993, aka keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da kujerun shugabanci. Bayan wasu shekaru masana biyu, Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo, suka bi majalisu 265 a jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan don su ga ko an sami wani canji. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna cewa majalisun da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a kan ruwan sha. Dalili a fili yake, gama wadda ta ɗauki tulu a ka ita ta san nisan rijiya.

Wata masaniya 'yar Indiya, Bina Agarwal, ta yi shekaru tana nazarin kwamitocin kula da daji na ƙauyuka a jihar Gujarat da ƙasar Nepal. Ta gano cewa dazuzzukan da kwamitocinsu ke da mata da yawa sun fi farfaɗowa. A Nepal ma, kwamitocin da mata zalla ne sau da yawa ƙananan dazuzzuka da suka riga suka lalace ake ba su, duk da haka suka raya su. Ta kuma lura da wani abu mai muhimmanci, cewa mace ɗaya ko biyu a cikin taron maza ba su cika buɗe baki ba, sai yawansu ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku sa'an nan muryarsu ke fita.

A nan Afirka, sunan da ba a tsallakewa shi ne Wangari Maathai ta ƙasar Kenya. Matan karkara ne suka riƙa kawo kuka a majalisar matan ƙasar cewa itace ya yi wuya, rafuka suna ƙafewa, abinci ya ragu. Daga wannan kuka ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, mata suna rainon 'ya'yan itace a gwangwanaye suna dasawa, ana ba su ɗan ihisani a kan kowane da ya rayu. Da tafiya ta yi tafiya ta gane cewa wahalar dasa itace za ta tashi a banza muddin wasu na zaune a ofis suna rabon daji da biro. Ta tsaya ta hana a gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru a Nairobi a 1989. A 1999 aka fasa mata kai a wajen kare dajin Karura. A 2002 ta ci zaɓen majalisa, ta zama mataimakiyar ministan muhalli a 2003, aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, mace ta farko daga Afirka da ta samu. Ta rasu a 2011, ƙungiyarta kuwa ta dasa itatuwa fiye da miliyan 50.

Kusa da mu, a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, akwai darasi na biyu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirarrakin da manoma ke sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sai itace ya tashi ba tare da an saya ko an yi ban ruwa ba. Dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har aka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, gawo da kalgo da sabara da sauransu. To amma itace ba ya tsayawa in babu dokar wa zai sara, yaushe, kuma wa zai hukunta ɓarawo. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga an kafa kwamitocin tsaron itatuwa, aka sa mata da makiyaya a ciki tare da manoma. Mai shiga gona kullum neman ice da ganyen miya ita ke fara ganin inda aka yi ɓarna, kuma dokar da aka yi da ita ta fi wadda aka yi mata saurin kamawa.

A ƙasar Cadi kuma akwai Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar Fulanin Mbororo, wadda ta kafa ƙungiyar matan makiyaya a 1999. Tafkin Cadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye ƙwarai bayan fare-faren da suka biyo, kuma ko da yake ruwa ya ɗan dawo daga baya, rigima a kan mashaya da makiyaya ba ta kwanta ba. Dabarar da ta yi fice da ita ita ce a tara jama'a su zana taswirar yankinsu da hannunsu. Maza su nuna tuddai da koguna da burtali, mata kuma su nuna maɓuɓɓugan da ba sa ƙafewa da wuraren samun abinci da magani a daji. A watan Afrilu na 2016 ita ce ta yi jawabi a madadin ƙungiyoyin jama'a ranar da shugabannin duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Paris a birnin New York.

Mu fa a gida?

Nijeriya ba ta rasa mata a saman wannan aiki ba. Hadiza Ibrahim Mailafia da Laurentia Mallam sun riƙe ma'aikatar muhalli ta tarayya. Amina Mohammed ta riƙe ta daga ƙarshen 2015, a zamaninta ne Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris a 2016, kafin ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. A 2020 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin aiki na ƙasa a kan mata da sauyin yanayi. A watan Nuwamba na 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi a ƙarƙashin shugabancin shugaban ƙasa, ta kuma tanadi kujerar wakilcin mata, da ta matasa, da ta naƙasassu.

Sai dai minista ɗaya ba ta isa ta rufe ramin da ke ƙasa ba. Masu yin kasafin kuɗi su ne 'yan majalisa. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'in da suka biyo baya, mata 4 ne kacal cikin sanatoci 109, a majalisar wakilai kuwa ba su kai 20 ba cikin 360. Majalisun dokoki na jihohin Arewa da dama ba su sami mace ko ɗaya ba. Manufar ƙasa ta 2006 ta yi alkawarin ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, har wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati a watan Afrilu na 2022 ta cika wannan alkawari. Wata guda kafin nan kuwa, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori 5 na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata.

Ga kuma manyan ayyuka da kuɗi masu yawa suna shigowa yankinmu. Akwai shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda a Nijeriya ya shafi jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Akwai kuma rancen dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka ta hannun kwamitocin gari suke sauka. Alal misali, in an zo zaɓen itacen da za a dasa, ma'aikacin gandun daji zai so dalbejiya ko turare domin suna saurin girma suna tare iska, kuma yana da gaskiyarsa. To amma a tambayi uwargida, za ta ce ina ɗorawa, ina kaɗanya, ina kuka da zogale da tsamiya? Daga waɗannan ne daddawa da man kaɗe da miya da kuɗin makaranta ke fitowa. Itacen da ke ciyar da gida kuwa ba sai an ɗauki mai gadi ba.

Me ke tare hanya?

Na farko, ƙasa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta ce mata ba su kai kashi 15 cikin ɗari na masu riƙe da gonaki a duniya ba. A al'adun ƙabilu da yawa na ƙasar nan ɗiya mace ba ta gadon gona, gwauruwa kuma zamanta a gonar mijinta ya dogara ga alherin dangi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2014, a wata shari'a da ta taso daga al'adar Ibo, cewa hana ɗiya gadon mahaifinta ya saɓa wa tsarin mulki, amma tsakanin hukuncin kotu da abin da ake yi a ƙauye akwai tafiya. Wadda ba ta da tabbacin gona za ta kai baɗi a hannunta, yaya za ta dasa itacen da sai bayan shekara 10 zai yi 'ya'ya? In kuma an kira taron masu gonaki, da wane suna za ta shiga?

Na biyu, ilimi da labari. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, tana nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Wannan labari ne da zai iya ceton iri. Amma in a majalisar maza da wayar maigida ya tsaya, mai gayauna za ta yi shuka a makance.

Na uku, lokaci da tsarin taro. In aka sa taro da hantsi, mace tana rafi, in aka sa da almuru, tana gindin murhu. In ta samu ta zo, sai a ba ta tabarma a bayan zaure, a gama magana, sa'an nan a juyo a ce, "Mata, kuna da abin cewa?" Wani lokaci kuma akan rubuta sunan matar wani babba don a cika sharaɗin masu ba da kuɗi, ba ta san ranar taro ba balle abin da aka zartar. Wannan cika takarda ne kawai.

Akwai masu cewa ai maigida yana wakiltar gidansa, in ya yi magana iyalinsa sun yi. Ba a raina wannan magana ba, gama akwai magidanta masu shawara da matansu kafin su fita. Amma ko mai kirkin cikinsu bai san sau nawa guga ke sauka kafin tulu ya cika a watan Afrilu ba. Ban da haka, gidaje nawa ne a garuruwanmu da sansanonin gudun hijira da rikici ko ci-rani ya bar su a hannun mata? Su wa zai wakilta? Zaman mace a kwamiti bai rage wa namiji girma ba, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Daga ina za a soma?

Ba sai mun jira Abuja ko taron ƙasashen duniya ba. Kowane gari yana da kwamitin rijiyar burtsatse, ko na fadama, ko na rabon taki, ko na agajin gaggawa. A duba su ɗaya-ɗaya. In mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, a gyara, kuma matan gari su zaɓi wakilansu da kansu. A ba su kujerun da ke da nauyi, irin su ma'aji da sakatare da shugaba. A sa taro a lokacin da za su iya zuwa, a yi shi da harshen da kowa ke ji.

Ba za a ce babu ƙwararru ba. Duk wanda ya ga yadda Zumuntar Mata ke gudanar da al'amuranta, da shugaba da sakatariya da ma'aji, da taron mako-mako, da littafin kuɗi da ake karantawa a gaban kowa, da manyan tarurrukan da ke ciyar da dubban mutane ba tare da an kwana da yunwa ba, ya san akwai makarantar shugabanci a cikinmu. Haka ƙungiyoyin adashi da na matan kasuwa da na maƙwabtanmu Musulmi, gama rijiya ɗaya muke sha, fari kuma ba ya tambayar addini. Irin waɗannan ƙungiyoyi za su iya karanta hasashen damina a taronsu, su yi rainon itatuwa, su koyi gina murhu mai cin ice kaɗan, su kuma aika wakilai sakatariyar ƙaramar hukuma su tambayi abin da aka ware don ruwa da zaizayar ƙasa, da inda aka kashe shi. Majalisun dattawan ikilisiya da ke da filaye da makarantu da asibitoci su ma su dubi kwamitocinsu na ayyuka, su ga ko akwai iyayenmu mata a ciki.

Ga iyaye maza, abu biyu. A bar 'ya'ya mata su yi karatu har su zama injiniyoyin ruwa da malaman gona da lauyoyi, domin da ilimi ake zama a teburin shawara na zamani. Sa'an nan mai gona ya rubuta wasiyya tun yana da rai, ya ambaci matarsa da 'ya'yansa mata, kada ya bar su a hannun rigimar dangi. In lokacin zaɓe ya zo kuma, a tambayi kowane ɗan takara, tun daga kansila, mata nawa zai sa a kwamitocin ruwa da gona da muhalli, kuma in mace mai amana ta fito takara kada a ce mata ta koma gida.

Masana sun nuna cewa ko da an rage hayaƙi yau, zafin da aka riga aka tara zai daɗe tare da mu, saboda haka dole mu koyi zama da sabon yanayi. Za a yi ta yanke shawara a kan ruwa da ƙasa da itace har 'ya'yanmu su girma. Rabin jama'ar da za su rayu da sakamakon wannan shawara mata ne, kuma su ne suka fi kowa sanin inda ɗakin yake yoyo. A matsa musu su zauna tun ana shirin jinka, kada a bari sai ruwa ya sauka a zo ana neman wadda za ta tara ƙwarya.